Ina Za Mu Kai Dusar Katako?

Jawabin da ma'aikatan sashen raya karkara suka yi wa kafintoci, manoma da 'yan zumuntar mata

 

Maganarmu ta yau a kan dusar katako ce, wadda waɗansu ke kira garin katako. Mun sani wani zai ce a ransa, "Ashe saboda shara aka tara mu?" To, a yi haƙuri a saurara. Da wuya a sami ƙauye a cikin namu da ba shi da kafinta ko ɗaya. Shi ne mai yi mana ƙofa da taga, bencin majami'a, teburin makaranta, gadon amarya, har da akwatin da muke raka 'yan'uwanmu da shi kabari. Yawancin kafintocinmu ba su da shago a kasuwa. A gida suke aiki, a zaure ko a gindin mangwaro, kusa da inda mata ke girki, yara kuma suna wasa. Kowace rana zarto yana zubar da gari, ana goge falanki murɗaɗɗen ɓawo yana faɗuwa, samfefa kuma tana ta da ƙura. Kafin a yi mako an tara buhu. Tambayar ita ce, ina wannan buhu yake zuwa?

Abin da muka saba gani a ƙauyuka shi ne, ko a tara ta bayan gida a sa wuta, ko a zuba a kwata ko bakin rafi a jira ruwan sama ya tafi da ita, ko kuwa a kwashe a watsa a gona da nufin ta zama taki. Tulin da aka sa wa wuta ba ya ci da harshe, sai dai ya yi ta hayaƙi kwana da kwanaki, samansa toka, cikinsa garwashi. Yaro zai taka yana tsammani wutar ta mutu, ya ƙone ƙafa. Da hunturu kuwa iska na iya ɗaukar tartsatsi ta kai kan jinka ko rumbu. Wadda aka zuba a kwata tana toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya sami wurin haihuwa. In ta shiga rafi, ruɓewarta tana shanye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Zancen gona yana da tsawo, za mu zo kansa.

Amma kafin mu faɗi amfaninta ko ɗaya, akwai abin da muke roƙon kowane kafinta ya riƙe, domin sauran maganar duka a kansa take tsaye. Dusar katako iri biyu ce. Akwai mai tsabta, wato wadda ta fito daga katakon da ba a shafa masa kome ba, kamar maɗaci, doka, maje, malaina ko turare, yadda aka yanko shi. Akwai kuma mai guba, wato wadda ta fito daga katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, ko wanda aka yi wa fenti, ko filawud, ko allon nan na MDF da ake yin kabad da shi yanzu. Da ido ba za ka iya raba su ba bayan sun haɗu a ƙasa. Saboda haka dole a raba su tun a wurin aiki. Buhu biyu kawai ake bukata. A ɗaura jan ƙyalle a bakin na mai guba domin ko yaro ya gane. In kana shakka a kan wani katako, misali tsohuwar ƙofa da aka kawo gyara, ko guntun falwayar lantarki, to, dusarsa ta shiga buhu mai jan ƙyalle.

Me ya sa muke tsananta wannan? Filawud da MDF da gam aka manne su, gam ɗin kuwa yakan ƙunshi sinadarin da ke cikin fomalin, maganin nan da ake yi wa gawa a asibiti domin kada ta lalace. Katakon da aka tsoma a magani a masana'anta, mai ɗan launin kore, sau da yawa akwai asenik a cikinsa, guba ce mai kisa. A Amurka an daina amfani da irin wannan katako a aikin gidajen zama tun ƙarshen shekara ta 2003. In an ƙone shi gubar ba ta ƙonewa, wata ta bi hayaƙi, wata ta zauna a toka, mu kuwa mun san inda toka ke zuwa: gona, ko ruwan toka na miya. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a shekara ta 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma dalma ɗaya ce, kuma hanyar ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, yaro yana rarrafe, hannu ya tafi baki.

Dusa mai guba ba ta shiga murhu, ba ta shiga ɗakin kaji, ba ta shiga ramin taki, ba a kuma banda kifi ko nama da ita. Kafinta zai iya kwaɓa kaɗan da gam ya cike ramin ƙusa ko tsagar katako. Sauran a ɗaure a buhu a kai inda motar shara ke kwashewa in kuna kusa da gari. In babu, a haƙa rami a wurin da ba a noma, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ta gangare, ba ta saman rijiyar ba, a binne. Hanya mafi sauƙi ita ce a rage yawanta tun farko. Ka gama yanka, ka gama gogewa, ka share wurin, sa'an nan ka shafa magani ko fenti. In ka bi wannan tsari, kusan dukan dusarka mai tsabta ce.

Ko mai tsabtar ma, tana da kyau a ƙasa, ba ta da kyau a huhu. A shekara ta 1995 hukumar binciken ciwon daji ta ƙasa da ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai hedkwata a birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ba mu faɗi wannan domin mu tsorata kowa ba. Wannan ciwo ba shi da yawa, kuma sai bayan shekaru masu yawa na shaƙa yake bayyana. Abin da ya fi yawa shi ne tari, mura da ba ta ƙarewa, jan ido, ƙaiƙayin fata da fuka. Katakon kudu irin su loko da obeche an san su da ta da fuka, mansoniya kuwa har haɓo tana sawa. Babban ɓawon da kake gani yana faɗuwa ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne ƙurar samfefa, wadda sai rana ta leƙo ta taga kake ganinta tana yawo. Hankici a hanci ba ya tare ta sosai. A nemi takunkumi irin N95, wanda muka sani tun lokacin korona a 2020. A yi guga a waje, a tsaya yadda iska za ta ɗauke ƙurar daga fuska, ba ta kai ta madafa ba.

Wa ke share wurin aikin kafinta? Ba shi ba ne. Yaron shago ne, ko 'ya'yansa, ko uwargida. Su ne ke shan ƙurar da ta fi yawa. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a sa tsintsiya. Kada a shanya garin masara, kuɓewa ko barkono kusa da wurin. Baba kafinta kuma, in ka tashi aiki, ka kaɗe jikinka a waje, ka sāke riga kafin ka ɗauki jariri.

Yanzu bari mu zo gona, gama a nan ne mutane da yawa suke yin hasara ba tare da sun san dalili ba. Tun daga 2022 farashin takin zamani ya yi tashin da ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, saboda haka kowa yana neman abin da zai zuba a gona. Mutum ya ga tulin dusa kyauta, ya ce ai itace ne, in ya ruɓe taki ne. Ya kwasa a baro, ya watsa, ya yi huɗa da ita, ya shuka masara. Bayan mako uku ko huɗu sai ya ga masarar ta tsaya, ganyen ƙasa yana yin rawaya, yana farawa daga baki yana bin tsakiyar ganye. Maƙwabcinsa da bai zuba kome ba, tasa ta fi kyau. Sai a fara cewa dusa tana ƙona gona, ko a ce hannun wani ne.

Ba hannun kowa ba ne, ga abin da ke faruwa. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne masu ruɓar da ganye da kara su mai da su taki. Domin su yi aiki suna bukatar abinci iri biyu, kabon da naitirojin. Mu ce kabon shi ne tuwo, naitirojin kuma miya. Suna son wajen kashi 30 na tuwo ga kashi 1 na miya. Dusar katako kuwa tana da kabon kashi 200 zuwa 500 ga kashi 1 na naitirojin. Wato ka tara musu tuwo malmala ɗari, miya ludayi guda. Ina za su sami sauran miyar? Sai su kwashe naitirojin da ke cikin ƙasa, wanda shi ne abincin masararka, shi ne kuma abin da kake biyan kuɗi ka saya a buhun yuriya. Ba su tafi da shi har abada ba. In sun gama aikinsu sun mutu, zai koma ƙasa. Amma kafin lokacin damina ta wuce, masara ta riga ta yi goyon da ba shi da ido.

Wanda ya riga ya yi huɗa da ɗanyar dusa, kada ya fid da zuciya. Ya ƙara kashin kaji ko yuriya fiye da yadda ya saba, ko kuwa a wannan shekara ya shuka gyaɗa, wake ko waken soya a wurin, domin su suna samo naitirojin nasu daga iska. Shimfiɗa dusa a saman ƙasa, ba tare da an cuɗa ta ba, wannan dabam ne. A gindin mangwaro, lemo ko gwaiba tana riƙe laima, tana hana ciyawa. Amma kada ta yi kauri fiye da yatsu uku, gama in ta yi kauri takan daskare ta hana ruwa shiga. Kada kuma ta taɓa jikin itacen ko bangon ɗaki, saboda gara.

To, ta yaya dusa za ta zama taki na gaskiya? A ganinmu, hanya mafi riba ita ce ta bi ta ɗakin dabbobi tukuna. Masu gidan kaji a Jos da Kaduna da sauran manyan garuruwa da kuɗi suke sayenta buhu-buhu a kasuwar katako, mu kuwa muna ƙone ta a bayan gida. A shimfiɗa ta a ɗakin kaji, kaurin santimita 5 zuwa 10. Tana shanye danshin kashi, tana rage wari da ƙuda, tana kuma ɗumama ƙafar kaji lokacin sanyi. Haka ma a ɗakin aladu da turken awaki, inda take shanye fitsarin da dā yake bin ƙasa a banza, alhali fitsari ne ya fi ɗauke da naitirojin. Kashin kaji yana da wajen kashi 10 na kabon ga 1 na naitirojin, wato shi miya ce ta yi masa yawa. In ya haɗu da dusa, kowa ya sami abin da ya rasa.

Iyayenmu mata masu kiwon 'yan tsaki, ga naku. Murɗaɗɗen ɓawon nan mai faɗi ya fi garin zarto kyau ga kaji. Ɗan tsako bai san bambancin dusar masara da dusar katako ba. In gari ne mai laushi zai yi ta tsattsaga har cikinsa ya cushe, ya rame, ya mutu da cikakken ciki. In garin zarto kaɗai kuke da shi, ku rufe shi da kwali marar santsi na kwana 4 ko 5 na fari, har su gane mazubin abinci. Na biyu, dusar ta bushe sarai. Wadda ruwa ya taɓa ta yi fumfuna, ko da an shanya ta daga baya, kada ta shiga wurin 'yan tsaki, gama ƙurar fumfuna tana kama musu huhu, za ku ga suna buɗe baki suna haki, magani kuwa ba ya cika yi musu aiki. Ku tsince ƙusa da guntun waya. Ku riƙa juya shimfiɗar da manjagara, inda ta jiƙe kusa da mazubin ruwa ku kwashe ku zuba sabuwa, domin a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce cutar kashin jini take yaɗuwa. In kun shiga ɗakin kun ji wari yana sa ido hawaye, lokacin ƙari ko canji ya yi. In kuwa kaji sun mutu da yawa farat ɗaya, kada a fitar da shimfiɗar, kada a sayar, kada a ba maƙwabci. A kira malamin dabbobi. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006 ta koya mana cewa cuta tana bin kashi, buhu da takalmi daga gida zuwa gida.

Shimfiɗar da aka kwashe daga ɗakin dabbobi ba ta gama zama taki ba tukuna. A tara ta a inuwa, a rami marar zurfi ko a tuli mai tsawo da faɗi kamar mita 1. Wanda ba shi da ɗakin kaji zai iya haɗawa da kansa: daro 2 na dusa ga daro 1 na kashin kaji. In kashin shanu ne, wanda bai kai na kaji ƙarfi ba, sai a juya lissafin, daro 2 na kashi ga daro 1 na dusa. A sa ɗanyen ganye, ɓawon wake, ragowar kayan miya, da ɗan shebur na ƙasar gona a tsakani. Busasshiyar dusa ba ta son shan ruwa da fari, sai an jiƙa ta ana cuɗawa. Ruwan wanke hatsi da na wanke kayan lambu sun isa. Fitsarin mutum ma yana da amfani ƙwarai a nan, ba abin kunya ba ne. Gwajin laima da hannu ake yi: ka damƙa ka matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In ruwa na zuba, ya yi yawa. In ya warwatse, ya yi kaɗan. A rufe da kara ko tsohon buhu.

A soka sanda a tsakiyar tulin a bar ta. Bayan kwana 3 ko 4 a zare a taɓa. In ta yi zafi, aiki yana tafiya. Tuli mai kyau yakan kai zafin digiri 55 zuwa 65, wannan zafi ne ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. In sandar da sanyi, ko ruwa ya gaza ko kashi ya gaza. In tulin yana warin fitsari mai ƙarfi, a ƙara dusa. A juya shi bayan kowane mako biyu, na waje ya koma ciki. Sai haƙuri, domin katako ba ya ruɓewa da sauri kamar ganye. A ba shi wata 6, wani lokaci ma fiye. Wanda ya haɗa nasa da kaka, bayan an gama girbi, yana iya samunsa a farkon damina in bai bar shi ya bushe da rani ba. Alamar ya nuna ita ce ya yi baƙi, ya yi sanyi, yana ƙanshin ƙasar kurmi, ba ka kuma iya gane dusar a ciki. Mai shakka ya cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da ƙasa haɗe da takin, ya shuka masara a kowanne, ya duba bayan mako uku. Gwangwanin zai faɗa masa gaskiya kafin ya kai gona.

Sai zancen girki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kome ya ƙara tsada, har da itace da gawayi, 'yan matanmu kuma suna ƙara nisa cikin daji neman itace, a lokacin da dajin ba shi da tsaro a wurare da yawa. Murhun dusa yana rage wannan wahala, kuma ba ya bukatar kuɗi. A sami bokitin fenti na ƙarfe mai lita 20 ko garwa, a ƙone ragowar fentin a fili nesa da mutane, a wanke. A huda ƙofa a gefe, can ƙasa, kamar faɗin kwalba. A zura guntun sanda ta ƙofar har tsakiya, a tsai da taɓarya ko bututu a tsakiyar bokitin a kan sandar. Sai a riƙa zuba busasshiyar dusa kaɗan kaɗan ana dannawa da ƙarfi, har ta kusa cika. Dannawar ita ce sirrin aikin, in ba ta dannu ba za ta rufta. A murɗa taɓaryar a hankali a zare, a zare sandar. Yanzu akwai rami daga ƙofa zuwa sama. A barbaɗa toka ko yashi kaɗan a saman dusar domin wuta ta tsaya cikin ramin. A ɗora ƙarfe biyu a bakin bokitin, tukunya ta zauna a kai, a bar sarari domin iska ta fita. A kunna takarda ko kara a tura ta ƙofar.

Irin wannan murhu yana ci sa'o'i da yawa ba a ƙara masa kome. Bai dace da dafa shayi ba, gama in an kunna shi da wuya a kashe. Amma ga wake, ga kalwar daddawa, ga gumin shinkafa, ga ruwan wanka, ga girkin taron zumunta, yana da kyau ƙwarai. Gargaɗi biyu. Kada a kai shi cikin ɗaki a rufe ƙofa domin jin ɗumi, musamman ku da ke kan tudu inda sanyi ke da tsanani. Yana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba, kamar yadda yake faruwa da gawayi da janareta. Kada kuma a bar yaro ya watsa garin dusa mai laushi cikin wuta, domin yakan kama gaba ɗaya ya tashi fuska. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Masu yawan dusa za su iya kwaɓa ta da dafaffen sitacin rogo, su danna a gwangwani ko guntun bututu, su shanya har ta bushe, ta zama curin da ake hurawa kamar itace.

A salga ma tana da aiki. A haɗa dusa da toka da busasshiyar ƙasa a ajiye a bokiti, duk wanda ya shiga ya zuba gwangwani ɗaya. Wari da ƙuda za su ragu. Gwangwani ɗaya muka ce, ba shebur ba, don kada ramin ya cika da wuri. Wani masani a ƙasar Zimbabuwe, Peter Morgan, ya yaɗa wata irin salga mai ramin da bai wuce mita 1 ba. Ana zuba ƙasa da toka da ganye bayan kowane amfani, in ya kusa cika a rufe da ƙasa mai kauri, a matsar da ɗakin zuwa sabon rami, a dasa itace a tsohon. Gwanda da ayaba suna son irin wannan wuri.

'Yan'uwa masu noman doya, kun san irin doya shi ne ke cinye babban rabo na kuɗin noma. A farkon shekarun 1980 cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike da cibiyar IITA ta Ibadan suka fito da dabarar yanka doya ƙanana domin samun iri. Ana zaɓar lafiyayyar doya wadda ta fara nuna alamar tsiro, a yanka ta gunduwa-gunduwa masu nauyin giram 25 zuwa 50, kowace da ɓawonta. Doya mai kilo 1 za ta ba da gunduwa 20 zuwa 40. A birkiɗa su a toka ko maganin iri, a bar su a inuwa yankan ya bushe. Sa'an nan a jera su a kwando ko akwati, shimfiɗar dusa mai laima, jerin doya, shimfiɗar dusa, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa kada ta bushe, kada kuma ta yi caɓa. Cikin mako 3 zuwa 4 za su tsiro, sai a zaɓi masu ƙarfi a dasa. Abin da za a haƙa a ƙarshen shekara ƙananan doya ne cikakku, irin baɗi. A nan rashin abincin da ke cikin dusa ba laifi ba ne, domin gunduwar tana ci daga jikinta ne, laima da iska kawai take so. Tsohuwar dusa mai tsabta ta fi sabuwa, kuma kada tsiron ya daɗe a ciki.

Abin da ya rage shi ne yadda za a tsara tsakaninku, don kada abin alheri ya zama abin faɗa. Kafinta ɗaya ba ya fid da dusar da za ta ishi kowa. Shawararmu ita ce, kafinta ya ɗauki nauyin rabawa da ajiyewa a busasshen wuri, a kan dutse ko katako, nesa da murhu da tsumman da aka goge mai ko fenti da shi. Mai karɓa ya kawo buhunsa, ya kuma tambaya da bakinsa, "Malam kafinta, wane katako ka yanka a wannan mako?" Kada a ji nauyin tambaya, kafinta kuma kada ya ji haushi. Ɓawo mai faɗi a bar wa masu kaji, garin zarto ya tafi murhu, salga da irin doya. A yanke farashi a gaban kowa, ko a yi musaya, buhu kaza na dusa, daro kaza na taki ko ƙwai kaza, a rubuta a littafin ƙungiya. Inda ake da kafintoci biyu ko uku, matasa za su iya zagayawa da baro ranar Asabar su tattara wuri ɗaya.

Bayan an sha ruwa za mu fita waje mu haɗa murhu ɗaya tare, mu kuma gina tulin taki. Muna bukatar taɓarya ɗaya, shebur biyu da bokitin ruwa. Masu tambaya a kan kaji su fara, sa'an nan masu doya.